Sanda ko Alƙalami: Shawarar da Na Ba Ɗan Yayata Mai Son Kiɗan Okestira

Ranar da ɗan yayata ya faɗa wa mahaifiyarsa abin da yake so ya zama, sai ga wayarta tana salati. "Ka zo ka ji yaron nan. Duk karatun da ya yi, wai kwandasta zai zama." Ita ta ɗauka na bas yake nufi, mai rataye a ƙofa yana kiran Bata, Bata. Da na isa gidan a Gwammaja bayan Magariba, na tarar da shi yana nuna mata bidiyo a waya: wani mutum da baƙar kwat tsaye gaban makaɗa kusan ɗari, bai kaɗa komai ba, bai busa komai ba, wani siririn tsinke kawai yake ɗagawa yana saukewa, su kuwa suna binsa kamar ya ɗaure su da zare. A bakin Turawa sunan wannan aiki ɗaya ne da na yaron mota, daga nan ruɗanin ya samo asali. Ni madugun makaɗa nake ce masa, don aikinsa ya fi kama da na madugun fatake: bai ɗauki kaya ko ɗaya ba, amma shi ya san hanya, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango.

An kira ni ne saboda na yi shekaru ina danna fiyano a wani situdiyo da ke titin Gidan Zoo, lokacin da kasuwar finafinan Hausa ke tashe, kuma wani tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ya koya mini karanta kiɗa a takarda. Yaron shekararsa 22, hannunsa ya faɗa a fiyano, kunnensa kuma ya fi nawa. Abin da ya tambaye ni shi ne: "Kawu, in zama mai rubuta kiɗan, ko in zama mai jagorantar makaɗan?" Mun kwashe makonni muna wannan magana, kuma na lura ba shi kaɗai ba ne a garin nan da intanet ta jefa wa wannan sha'awa, shi ya sa na ga ya dace in baje ta a fili.

A wajenmu tambayar ma baƙuwa ce. Mamman Shata shi ke ƙirƙirar waƙarsa, shi ke rera ta, kuma da ɗan waige ko ɗaga murya yake juya masu kalangu da 'yan amshi. Haka Ɗanƙwairo da 'yan kotsonsa. Mai ƙirƙira da mai jagora mutum ɗaya ne, kuma kiɗan yana cikin kansa. A Turai rubutu ne ya raba aikin biyu. Da zarar kiɗa ya sauka a takarda, mai shi zai iya mutuwa ya bar shi, bayan shekara 200 a buƙaci wani ya karanta ya tayar da shi. Beethoven ya rasu a 1827, amma har gobe akwai masu cin abinci da fassara abin da ya rubuta.

Marubucin kiɗa yana zaune shi kaɗai, ya ji abu a kansa, ya sauke shi da alamomi, ya raba wa kowane kayan kiɗa layinsa. Cikakkiyar okestira tana da makaɗa tsakanin 80 da 100, sun kasu gida huɗu: masu tsirkiya, daga bayolin har zuwa ƙaton gogen da sai an tsaya ake kaɗa shi, sai masu busa na katako, sai masu busa na tagulla, sai masu duka. Shafi ɗaya na kundin yakan ɗauki layi 20 ko fiye a jere, kuma duka lokaci guda suke tafiya. Wasu kayan ma ba abin da aka rubuta suke fitarwa ba: kilarinet, wata sarewar Turawa, irin da aka fi amfani da ita tana sauka ƙasa da taki guda daga abin da ke kan takarda, dole mai rubutu ya riƙe wannan lissafi a kai. Madugu kuwa wannan kundin zai ɗauka ya haddace shi kamar ɗan makarantar allo, ya yanke hukuncin saurin kowane sashe, inda za a lafa da inda za a taso, sannan ya shawo kan mutum ɗari su yarda da hukuncinsa. Kaɗa tsinken da ake gani a bidiyo ƙarshen aikin ne. Ainihinsa a wajen gwaji yake, inda zai tsayar da kowa ya ce mai ƙaho na biyu ya ɗan yi ƙasa, kuma ya zama gaskiya ya faɗa. Tsinken ma bai daɗe ba. Kafin shi doguwar sanda ake dokawa a ƙasa, har wani mai suna Lully a fadar sarkin Faransa ya doki ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe, ya mutu a 1687.

Babban bambancin da na fi nanata wa yaron shi ne na kayan aiki. Marubuci yana iya farawa yau da daddare a ɗakinsa. Takarda da fensir sun isa. In yana da kwamfuta, akwai manhajar MuseScore da ake saukewa kyauta, zai rubuta ta kaɗa masa ya ji. Akwai kuma shafin IMSLP inda dubban kundayen manyan marubuta ke ajiye kyauta, ya buɗe kundi a gefe guda, ya kunna kiɗan a YouTube a ɗaya gefen, ya bi layi-layi. Ni a zamanina da na sami irin wannan dama da ban kwana ba. Madugu fa? Kayan kiɗansa mutane ne. Mai goge yana rataye gogensa a ɗaki, ya ɗauko duk lokacin da ya ga dama. Madugu ba shi da abin ɗaukowa. Yana iya tsayawa gaban madubi yana kaɗa hannu da kiɗan rikoda har asuba, amma wannan rawa ce, don kiɗan ba shi yake bi ba, shi ke bin kiɗan. Kamar mai koyon tuƙi ne a kan kujerar falo. Kuma a Kano, duk faɗinta da yawan makaɗanta, ban taɓa ganin an tara masu bayolin goma a ɗaki ɗaya ba. Duk wanda ya zaɓi sanda a garin nan ya zaɓi ɗaya daga cikin uku: ya bar gari, ya sa kaki, ko ya gina ƙungiyarsa da hannunsa.

Barin gari shi ne hanyar da duniya ta sani. A Najeriya cibiyar wannan kiɗa Legas ce, a MUSON da ke Onikan, ƙungiyar da aka kafa a 1983, mai makarantar difloma ta shekara biyu da okestira tata. Akwai sassan koyar da kiɗa a jami'o'in Nsukka da Ife da wasu na kudu, na Nsukka shi ne na fari, tun 1961. A waje kuwa mafi kusa da mu ta fuskar al'ada Alƙahira ce, inda ɗaliban Kano suka saba zuwa: makarantar koyon kiɗa ta birnin da okestirarsa duka tun 1959 suke. Sai Turai da Amurka ga wanda ya samu tallafi. Amma a sani, ba a shiga ajin madugai hannu rabbana. Sai mutum ya ƙware a wani kayan kiɗa tukuna, ya zauna cikin makaɗa an jagorance shi shekaru, ya san zafin abin daga ƙasa. Toscanini na Italiya mai kaɗa babban goge ne a cikin ayari. A 1886, a Riyo ta Burazil, 'yan kallo suka ƙi madugun da aka kawo, aka miƙa masa sanda yana ɗan shekara 19, ya ja opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, sukutum da ka. Bernstein ma haka ya fito a Nuwamban 1943 a New York, madugun da aka gayyato ya kwanta rashin lafiya, aka kira mataimaki ɗan shekara 25. Masu ba da waɗannan labarai sun fi son ɓangaren sa'a. Ni abin da nake gani a ciki shi ne dukansu suna cikin ɗakin lokacin da ƙofar ta buɗe, kuma sun riga sun haddace kundin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma ƙarancin kujeru. Okestira mai mutum 90 madugu ɗaya take da shi, da mataimaki ɗaya ko biyu, kuma madugai ba sa saurin sauka. Toscanini sai da ya kai 87 yana aiki, Herbert Blomstedt da aka haifa a 1927 ya haura 95 yana hawa dandali. Matasa kan bi ta gasa, irin ta Besançon a Faransa ko ta Bamberg a Jamus, wadda Gustavo Dudamel na Benezuwela ya lashe a 2004. Yaron namu Dudamel ne gwarzonsa, bidiyonsa ma ya nuna wa mahaifiyarsa. Na ce masa ya duba inda mutumin ya fito: ƙasarsu tana da shirin koya wa yaran talakawa kiɗan okestira tun 1975, ya tashi cikinsa da bayolin a hannu, yana jagorantar 'yan'uwansa yara tun bai kai 20 ba. Gona ce aka share aka yi shuka, shi ya fi sauran tsawo kawai.

Sa kaki kuwa hanya ce da mutane ke rainawa, ni kuma nake ganin ta fi kowace tabbas ga ɗan Arewa. Badujalar soja da ta 'yan sanda su ne wurin da ake biyan mutum albashi a ƙasar nan don ya karanta kiɗa a takarda ya busa, kuma kowace badujala tana da shugaba mai riƙe da sanda. Duk wanda ya taɓa zuwa faretin 1 ga Oktoba a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya gan su. Sojan ƙasa suna da makarantar kiɗa a Ojo ta Legas, na ruwa a Ota. Taken ƙasa da muka rera daga 1978 zuwa 2024 ma shugaban badujalar 'yan sanda ne, Ben Odiase, ya sa masa kiɗa. A nan za a koya maka busa da karatu da jagoranci, a ba ka makaɗa 30 ko 40 da ba za su ce yau suna da biki a Kurna ba za su zo gwaji ba. Kuɗin da za ka biya shi ne kai soja ne ko ɗan sanda kafin ka zama makaɗi, inda aka tura ka nan za ka, kuma yawancin abin da za ka kaɗa maci ne da take. Babu masu tsirkiya. In burinka simfoni ne, wato dogon kiɗan cikakkiyar okestira irin na marubuci Mahler, ba a nan yake ba. Tsohon da ya koya mini karatu ya yi ritaya da fansho, ya aurar da 'ya'yansa, ba wanda ya taɓa kiransa maroƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kansa.

Ta ukun, gina ƙungiya daga tushe, akwai wanda ya yi ta a Afirka. Armand Diangienda matuƙin jirgin sama ne a Kinshasa, aiki ya ƙare masa, a 1994 ya tara 'yan cocinsu ya kafa okestira, shi kansa yana koyo yana koyarwa. Bayolin kaɗan gare su, ana karɓa-karɓa, in tsirkiya ta tsinke a ɗaura wayar birkin keke. A haka har suka kai ga kaɗa simfoni na tara na Beethoven. Sai dai yana da abin da yaronmu ba shi da shi: jama'ar coci da ta riga ta saba rera waƙa murya huɗu, da ɗakin gwaji, da mutanen da ke ganin zuwa gwaji ibada ce. A Kano masu irin wannan horo suna cikin ƙungiyoyin mawaƙan coci-coci na Sabon Gari da na Hausawa Kirista, kuma duk mai son wannan fanni, ko wane addini yake bi, a wajensu zai fi samun wanda ya iya karanta do-re-mi. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Gana, inda Nana Danso Abiam ya kafa okestira a 1988 da kayan kiɗan gargajiya zalla, sarewar gora da goge da ganguna, aka jera su gida-gida kamar na Turawa.

To, marubuci fa, ina nasa ƙalubalen? Farawa sauƙi, a ji ka wuya. Kana iya cika akwati da kundaye ba wanda ya taɓa busa layi ɗaya a ciki. Abin da kwamfuta ke kaɗa maka kuma yaudara ce: ba ta numfashi, ba ta gajiya, za ta riƙe maka sauti ɗaya minti biyu a ƙaho ba ta ce uffan ba, ranar da ka miƙa wa ɗan Adam takardar zai dube ka ya yi dariya. Kuma koyon ya fi ƙarfin kallon bidiyo. Ilimin jituwar sautuka, da na saƙa layi biyu ko huɗu su tafi tare ba su yi karo ba, da na sanin iyakar kowane kayan kiɗa, duka suna son malami mai jan biro a kan kuskurenka. Gwajin da aka fi sani shi ne jarrabawar ABRSM ta Ingila, mai mataki 1 zuwa 8, ana yin ta a Najeriya. Na ce wa yaron ko wace hanya ya bi, ya fara cin mataki na 5 na ilimin ƙa'ida, don shi ne mabuɗin manyan matakan, kuma shi zai nuna masa ko son abin yake ko son bidiyon.

Amma ga inda nake ganin alƙalami ya yi wa sanda nisa ga ɗan Kano. In ka je Turai a matsayin madugu, za ka yi takara da wanda kakarsa ke rera masa kiɗan Brahms, marubucin Jamus, yana cikin zani, a kan kiɗan da an riga an naɗe shi sau ɗari. Me za ka kawo? In kuwa marubuci ne kai, kana ɗauke da kayan da ba kowa ke da su ba. Kunnenka ya sha kakaki da algaita da tambari a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Ka san yadda mai algaita ke kumbura kumatu yana shaƙar iska ta hanci, busa ba ta yanke ba. Ka san kalangu yana magana, don harshenmu mai karin sauti ne, hawa da sauka da faɗuwa, kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ke gina karin waƙa. Ka san bandirin Ƙadiriyya, da shantu, da ƙwaryar amada irin ta Barmani Choge, da rawar Koroso. Mutanen kudu sun daɗe da yin wannan da nasu. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya rubuta African Suite a 1944 don masu tsirkiya, da waƙoƙin Afirka ta Yamma a ciki, har yau ana kaɗa shi a ƙasashen waje. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya ƙarar da rayuwarsa yana sa fiyano ta yi magana irin ta gangar Yarbawa. Ayo Bankole a Jos aka haife shi. Samuel Akpabot ya haɗa kayan gargajiya da okestira. Jera sunayen nan ka nemi Bahaushe a ciki. Filin nan fetal yake, ba a ko sa gatari ba.

Maganar kuɗi, kada a ruɗi kowa: a duka biyun 'yan ƙalilan ne a duniya ke arziki. Madugu in ya samu kujera yana da albashi, in bai samu ba ba shi da komai, don ba a tallan jagoranci a bakin titi. Marubuci ba shi da albashi sam, amma ƙofofinsa ƙanana suna da yawa: kiɗan fim, tallan rediyo, taken shiri, taken makaranta, tsara wa mawaƙi kiɗa, koyarwa. A. R. Rahman da mutanen Kano suka sani ta finafinan Indiya da kiɗan talla ya fara, yana danna fiyano a ƙungiyoyin wasu, kafin fim ɗinsa na farko a 1992. Philip Glass na Amurka, bayan an nuna operarsa a babban zauren New York a 1976, tuƙin tasi ya koma. Borodin na Rasha malamin kimiyyar sinadarai ne, a lokacin hutu yake rubutu. Masana'antar fim tana nan a garinmu, kuma yawancin finafinan har yanzu kiɗan da ke ƙarƙashin magana ɗauko shi ake yi daga wani wuri a liƙa. Wanda ya iya rubuta kiɗan da zai bi labari, ya san inda zai yi shiru, yana da abin sayarwa, in ya yi haƙuri da furodusoshi kuma ya yi rajista da hukumar tace finafinai kamar kowa.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da ciwo nake faɗarsa. Na taɓa tsara wani kiɗa aka biya ni sau ɗaya, abin da bai fi kuɗin man janareta na mako ba, na sa hannu a takardar da ban karanta ba. Shekara biyu ina jin kiɗan a gidajen biki da wayoyin mutane. Ba ni ne farau ba. Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ya sayar da shahararren aikinsa na 1898 kacokan a kan fam 15 da sule 15. Aka sayar da kofe dubbai, shi kuwa ya mutu a 1912 yana da shekara 37 iyalinsa ba su da abin kirki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba marubucin kiɗa haƙƙinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa. Gado ne kamar gida. Madugu ba ya barin irin wannan, sai dai rikoda da almajirai.

Sai hali, wanda a ganina ya fi baiwa yanke hukunci. Marubuci dole ya iya zaman kaɗaici, wata uku a kan abu ɗaya ba mai yaba masa, ya yaga ya sake. Madugu dole ya iya mutane. Zai tsaya gaban wanda ya haife shi ya ce masa ya yi kuskure, ta yadda dattijon zai gyara ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. A al'adarmu wannan ya fi wuya ninki biyu, yaro ɗan 22 ya ce wa mai furfura "sake". Kuma rabin aikin ba kiɗa ba ne: neman ɗaki, neman kuɗin mota, sasanta masu faɗa, lallashin mai ba da tallafi. Na ba yaron gwaji biyu. Na ce ya rubuta kiɗa na minti ɗaya mai layi biyu, ba kwamfuta, ba fiyano, da kai kawai. Sannan ya tara abokansa shida ya koya musu wata waƙa murya biyu cikin awa ɗaya. Na ce ba wanda ya fi yi da kyau nake so ya gaya mini ba, wanda ya manta da agogo yana yinsa.

Ba zan tsallake maganar gida ba, don ita ce ta sa yayata salati tun farko, ko bayan ta gane ba bas ake nufi ba. A Kano kiɗa sana'ar gado ce, kuma an san matsayin da aka ajiye makaɗi da maroƙi, musamman ranar neman aure. Malamai kuma sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wasu sun haramta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Ni ba mai fatawa ba ne. Na ce masa ya zauna da malaminsa yanzu, ya samu natsuwa, kada sai ya kai shekara 40 abin ya dawo yana cin zuciyarsa, na ga waɗanda hakan ta faru da su a titin Gidan Zoo. Ta fuskar idon jama'a dai, alƙalami ya fi samun sauƙi. Mun daɗe da raba rubutacciyar waƙa da waƙar baka, shi ya sa ake kiran su Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da girmamawar da ake yi wa malamai. Mai zama da takarda yana rubutu, ko kiɗa yake rubutawa, ya fi kusa da wannan layi. Madugu a bainar jama'a yake, gaban makaɗa, sai dai in kaki ya rufa masa asiri.

"Kawu, to in haɗa duka biyun mana," in ji shi. An yi, amma taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Mahler ya riƙe gidan opera na Biyana daga 1897 zuwa 1907, kuma sai lokacin hutun bazara yake samun shiga 'yar bukkarsa a bakin tafki ya yi rubutu. Bernstein ya rayu yana kukan jagoranci ya cinye masa lokacin rubutu. Wanda labarinsa ya fi amfanar mu shi ne Esa-Pekka Salonen na Finlan: marubuci ne, ya shiga ajin madugai ne don ya ga ba wanda zai jagoranci abin da shi da abokansa ke rubutawa, daga baya sandar ta kai shi Los Angeles. Shawarar da na ba ɗan yayata ke nan. Ya riƙe alƙalami a matsayin sana'a, ya ci jarrabawarsa, ya nemi abinci a situdiyo, ya rubuta wa makaɗan da ke akwai a garin nan ba waɗanda ke Barlin ba. Ranar da ya rubuta wa mutum shida abu, dole wani ya tsaya a gabansu, kuma ba wani sai shi. In a nan ya gano cewa tsayuwar ta fi masa rubutun daɗi, shekarunsa ba su wuce na shiga badujala ko tafiya Legas ba. Wanda zan ce wa ya kama sanda kai tsaye shi ne wanda ya riga ya ƙware a wani kayan kiɗa, yana da halin tafiya, kuma ya yarda Kano za ta zama wurin zuwa hutun Sallah.

Asabar da ta wuce ya ari aji ɗaya a wata firamare kusa da Dutsen Dala. Ya samo masu bigila biyu daga Sabon Gari, da mai sarewa, da mai kukuma, da wani dattijo mai kalangu da na roƙa masa, shi kuma abokinsa a fiyano. Kiɗan minti uku ne, ya yi wata biyu yana rubuta shi. Masu bigila suka karanta takardarsu ba matsala. Kukuma ta ƙi daidaita da fiyano, sai da aka sassauta tsirkiya sau uku, a ƙarshe aka bar fiyanon ta bi ta. Yaron ya fito da tsinken da ya feƙe daga sandar dogon yaro, ya ɗaga, ya sauke, kowa ya shiga ban da mai kalangu. Ya sake, haka. Dattijon ya juya takardar da aka ajiye masa sama da ƙasa, ya miƙa masa abarsa.

"Ɗana, ajiye tsinken nan. Rera mini da baki in ji abin da kake so ya faɗa."

Ya rera. Dattijon ya matse kalangu a hammata ya maimaita masa, ya ƙara wani ɗan gutsure a ƙarshe wanda babu shi a takarda. Yaron ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta gutsuren a gefen shafi. Sun sa gwaji na gaba Asabar mai zuwa bayan La'asar, in mai gadin makarantar ya yarda.